Muryata tana fita kamar daga cikin randa: yaya zan rage amon ɗaki?

Sabon_Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan, domin abin ya fara damuna sosai.

Wata bakwai ke nan da na mayar da wani ɗaki wurin ɗaukar murya. Faɗinsa mita 3, tsawonsa mita 3 da rabi, daga ƙasa zuwa silin mita 2.7. Ƙasan tayil ne, bangon siminti ne da fenti, ga taga ɗaya mai gilashi. Babu komai a ciki sai tebur, kujera, kwamfuta da ƙarfen makirufo. Makirufon nau'in kondensa ne, Audio-Technica AT2020, yana shiga akwatin sauti mai haɗa shi da kwamfuta, Focusrite Scarlett Solo, ina ɗauka da manhajar Reaper.

Da farko duk abin da na rera sai ya fito da amsa-kuwwa. In na tafa hannu sai in ji wani ƙara siriri yana karkarwa tsakanin bangwaye. Na sayo soson sauti mai tudu-tudu guda 24, kaurinsa santimita 2 da rabi, na manna a bangon da nake fuskanta da ɗan gefe-gefe. Karkarwar nan ta ragu, ban musa ba. Amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago: yanzu muryar ta dushe, ta yi wani irin kumburi, kamar na cusa kaina cikin randa ina waƙa. Idan na ɗora mata kwamfiresa, wato abin da ke daidaita ƙarfin murya, don ta zauna a kan kiɗa, sai ɗakin ya taso gaba ɗaya, ƙarshen kowace kalma yana jan jela.

Yadda nake tsayawa: makirufo yana kusa da bangon soso, ni ina fuskantarsa, bayana kuma bango ne tsirara da tagar nan. Tsakanina da makirufo kamar santimita 60, saboda in na matso haruffan b da f suna bugunsa da iska.

To me kuke gani? In ƙaro soso in rufe ɗakin duka? Wani ya ce in manna kiret ɗin ƙwai. Wani ya ce kondensa ne matsalar, in koma wani nau'in makirufo, dainamik. Wani kuma ya ce in shiga durowar kaya in rufe. Waƙa biyar gare ni a ajiye da na kasa fitarwa saboda wannan. Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kyauta da ka kawo ma'aunin ɗakin da nisan da kake tsayawa, domin amsar tana cikinsu. Kada ka sayi komai tukuna.

Makirufonka abu biyu yake ji a lokaci ɗaya: muryar da ta fito daga bakinka ta same shi kai tsaye, da muryar da ta je ta bugi bango, tayil, silin da gilashi sannan ta dawo. Duk aikinka shi ne ta farko ta rinjayi ta biyu da nisa. Ta biyun nan kusan ƙarfinta ɗaya ne a ko'ina cikin ƙaramin ɗaki, ta farkon ce take canzawa da nisa. Duk lokacin da ka rage rabin tazarar da ke tsakaninka da makirufo, muryar kai tsaye tana ƙaruwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Daga santimita 60 zuwa 30, desibel 6. Daga 30 zuwa 15, wasu 6. Idan ka rage ƙarfin shigar sauti a jikin Scarlett ɗin don ya daidaita, ka ture ɗakin baya da kusan desibel 12 ba tare da ka manna ko ƙyalle ɗaya ba. Babu soson da zai ba ka wannan. Bugun iskar da kake tsoro kuwa maganinsa ragar tare iska ce, wadda ake ɗaurawa a gaban makirufo, sannan ka ɗan kautar da shi gefe, ya kalli bakinka daga kusurwa, iskar ta wuce ta gefensa. Ka sani dai in ka matso ƙasan muryar zai yi kauri, haka irin wannan makirufo yake yi. Ka yanke abin da ke ƙasa da Hz 80 ko 100 (Hz ma'aunin kauri ko sirantakar sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri) da ikwalaiza, wato abin da ke rage ko ƙara wani sashe na sautin, in bai isa ba ka ɗan rage wajen 200.

Na biyu, ka sa soson inda makirufo ba ya sauraro. AT2020 ta gaba yake ji, gefe ya ji kaɗan, baya kuwa nan ne kurmancinsa. Fuskarsa tana kallon bakinka, tana kuma kallon abin da ke bayan kanka. Me ke bayan kanka? Bango tsirara da gilashi. Muryarka ta zaga ɗakin, ta bugi wannan bangon, ta tsallako kafaɗarka ta shiga makirufo ta inda ya fi ji. Saboda haka abu mafi kauri da kake da shi, a bayanka ya kamata ya kasance. Af, ka kuma duba cewa gefen da tambarin kamfani yake shi ne ke kallonka. Ta wajen tambarin nan ake yi wa wannan makirufo magana, ba ta samansa ba, kuma na sha ganin wanda ya juya shi baya bai sani ba.

Na uku, dalilin randar. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Igiyar sauti mai Hz 3,400 tsawonta santimita 10 ne kacal, mai Hz 340 mita ɗaya ce, mai Hz 100 ta kai mita 3.4, kusan tsawon ɗakinka. Abu mai laushi yana shanye sauti sosai ne idan kaurinsa ya kai kamar kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon igiyar. Sosonka mai santimita 2 da rabi, ka ga aikinsa na gaske daga wajen Hz 3,000 zuwa sama yake. Ya cinye ƙyallin muryar, wato s da sh da iskar da ke sa ta haske, ya bar tsakanin Hz 200 zuwa 500 yana yawo yadda ya ga dama. A nan kuwa jikin muryar mutum yake. Shi ya sa ka ji tafi ya mutu amma murya ta kumbura. In ka rufe ɗakin duka da irin wannan soso, randar ce za ta ƙara zurfi.

Kiret ɗin ƙwai ka manta da shi. Siffarsa ce kawai ta yi kama da soson sutudiyo, takarda ce siririya, ba ta shan abin kirki, ga haɗarin wuta.

Abin da ke aiki shi ne kauri. Audugar dutse, irin wadda ake sawa a bangon gini don tare zafi, ko audugar gilashi mai tauri, kaurin santimita 10, a sa ta cikin firam ɗin katako a lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa. Yadda za ka gane yadin: kara shi a baki ka hura, in iska ta wuce ya yi. Kada ka manna firam ɗin a bango, bar tazarar santimita 5 zuwa 10 a bayansa, wannan gibin yana sa shi kama sauti mai ƙasa fiye da yadda zai kama in yana manne. Ka sa safar hannu da takunkumi lokacin yankawa, tana ƙaiƙayi. Guda huɗu masu santimita 60 da 120 sun isa ka fara: biyu a bayanka, ɗaya a kowane gefe.

Kuma ka bar tsakiyar ɗaki, ka bar jikin bango, ka bar lungu. Ɗaki mai bangwaye masu fuskantar juna yana da sautukan da yake kumburawa da kansa. A naka, faɗin mita 3 yana ba da wajen Hz 57, tsawon 3.5 wajen 49, tsayin 2.7 wajen 64, sannan ninkinsu: 114, 98, 127 da sauransu, waɗanda suka faɗo daidai ƙasan muryar namiji. A lungu duk suke taruwa. Ka tsaya kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin, ka ɗan karkace kada ka yi daidai da bango.

Mai_Karatun_Murya ta amsa:

Sannu ɗan'uwa. Ni ba waƙa nake yi ba, karatun littattafai da tallace-tallace nake ɗauka, inda babu kiɗan da zai rufa wa ɗaki asiri. Duk abin da Malam ya faɗa a sama haka yake. Zan ƙara ne a kan abin da za ka iya yi yau da dare kafin ka haɗa firam.

Ɗauko bargo mafi nauyi a gidanku, irin mai auduga a ciki, ka ninka shi biyu. Ka samu ƙarfen makirufo na biyu ka miƙe hannunsa a kwance, ko ka ɗaure igiya daga ƙusa zuwa ƙusa, ka rataye bargon a bayanka, ya fi kanka tsawo, ya ɗan lanƙwaso ta kafaɗunka biyu. Kada ya manne da bango, bar masa sarari. In akwai katifar da ba a amfani da ita, jingine ta a bayan bargon, ta fi komai. Na yi shekara biyu da bargo biyu da katifa ɗaya kafin na yi firam, kuma ba a taɓa dawo mini da aiki saboda amon ɗaki ba. Tayil ɗin nan ma a shimfiɗa masa kafet mai kauri a inda kake tsayawa, taga kuma labule mai nauyi mai yawan ninki.

Maganar durowa, na gwada, kuma ban ba ka shawarar shiga ka rufe ba. Wuri ƙarami mai bangon katako, ko an cika shi da tufafi, sautin akwati yake bayarwa, kuma wannan ya fi amsa-kuwwa wuyar gyara. Ga zafi, minti goma numfashinka ya canza, muryar ta gaji. Abin da ya yi mini aiki shi ne in buɗe ƙofofin durowar duka biyu, in tsaya a waje in ba tufafin baya, makirufo yana kallona yana kallon tufafin. Ka ga dai maganar Malam ce: abu mai laushi a bayan mai magana.

Akwai kuma tebur, wanda mutane ba sa lura da shi. Na daɗe ina jin muryata tana da wani rami a tsakiya, kamar ana magana ta cikin bututu, ashe fuskar teburin da gilashin kwamfuta ne suke mayar da sautin cikin makirufo. Idan sautin da ya dawo ya yi tafiyar da ta fi ta kai tsaye da santimita 34 kawai, ya makara da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, to zai soke wajen Hz 500, da 1,500, da 2,500. Ikwalaiza ba ta cike irin wannan ramin. Na ja makirufo nesa da tebur, na shimfiɗa tawul a kansa, abin ya tafi. In kana ajiye takardar waƙa a kan allon ƙarfe, shi ma a lulluɓe shi.

Hanyar gwaji: ɗauki jimla ɗaya, ka faɗe ta da ƙarfi ka tsaya cak. Saurara da abin kunne mai rufe kunne duka, ka kasa kunne ga abin da ya biyo bayan harafin ƙarshe. Canza abu ɗaya, sake ɗauka, rubuta sunan fayil ɗin da abin da ka canza. In ka canza uku a tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Ɗan_Manhaja ya amsa:

Ni dai a ganina an tsawaita. Yayana, sayar da kondensan nan ka sayi dainamik, Shure SM58 ko SM7B in da hali, ba sa ɗaukar ɗaki. Sannan ka sa manhajojin cire amsa-kuwwa, De-reverb na iZotope RX ko Clarity Vx DeReverb na Waves, su share sauran. Ka ƙara da get ɗin sauti ya rufe tsakanin kalmomi. Ni haka nake yi, ɗakina babu ko soso ɗaya, kuma masu saurare ba su taɓa ƙorafi ba. Akwai kuma garkuwar nan mai lanƙwasa da ake ɗaurawa a bayan makirufo, irin Reflexion Filter na sE Electronics, ita ma tana taimakawa.

Tsohon_Injiniya ya amsa:

Ɗan_Manhaja, akwai gaskiya a maganarka, amma ba a nan gizo ke saƙar ba, kuma ba na so yaron nan ya rabu da makirufo mai kyau a kan dalilin da ba shi ne ba.

Dainamik ba shi da wata dabarar bambance muryar da ta zo kai tsaye da wadda ta dawo daga bango. Iska ce ke kaɗawa, shi kuma yana ji. Abin da ya sa ake ganin ba ya ɗaukar ɗaki shi ne yadda ake amfani da shi: SM58 leɓe kusan yana taɓa ragarsa, santimita 2 ko 3, an gina shi ya jure haka. Kondensa kuwa mutane suna ja da baya rabin mita. Nisan ne ya yi aikin. Ƙari a kan haka yawancin dainamik ba sa kama can saman sauti kamar kondensa, sai ƙyallin ɗakin ya ɗan ɓuya. Ka ajiye su biyun a nisa ɗaya, masu ji ta gaba duka, ka daidaita ƙarfinsu, za ka ji ɗakin a duka biyun. Idan bayan ya gyara tsayuwarsa yana son launin dainamik, wannan zaɓi ne mai kyau. Sai dai ya sani SM7B yana son ƙarfin shiga mai yawa, wajen desibel 60 ga murya mai sanyi, ƙananan akwatunan sauti da yawa sai an murɗa su har ƙarshe.

Manhajojin cire amsa-kuwwa ina amfani da su, sun ceci ayyukan da ba za a iya sake ɗauka ba. Ga waƙoƙinsa biyar ɗin nan, in akwai wadda ya rera da wani yanayin da ba zai dawo ba, ya gwada, a hankali. Amma sun fi iya jela mai tsawo. Sautin da ya dawo daga bango mai nisan mita ɗaya yana isowa cikin kashi shida cikin dubu na daƙiƙa, ya riga ya narke cikin muryar ya canza launinta. In ka matsa wa manhajar ta cire shi, sai muryar ta fara wani ƙyalƙyali kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa, numfashi da ƙarshen kalmomi su gutsure. A hira ana iya haƙuri da wannan. A waƙar da mutum zai ja harafi ɗaya daƙiƙa huɗu, ana ji. Get kuma tsakanin kalmomi kawai yake rufewa, lokacin da kake rerawa a buɗe yake, ɗakin yana ciki.

Maganar kwamfiresa da ya yi ma ta nan take. Kwamfiresa yana danne wurare masu ƙarfi, sai ka ɗaga duka don cike gurbi. In ka danne desibel 8 ka mayar da 8, jelar ɗakin da ke can ƙasa ita ma ta hau da 8. Ba kwamfiresan ne ya kawo ɗakin ba, ya tona abin da ke cikin fayil ɗin ne.

Garkuwar bayan makirufo tana rage kaɗan, ba na hana ta. Amma tana zaune ne a gefen da makirufo ya riga ya kurmance. In mutum zai zaɓi ɗaya tsakaninta da bargo a bayansa, bargon zan ce.

Wannan ilimin ma da matasan kujera aka fara shi. A 1895 aka ba wani matashin malamin kimiyya a jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Sabine, aikin gyara wani ɗakin lacca da ba a jin magana a cikinsa saboda amsa-kuwwa. Da dare yake kwaso matasan kujeru daga wani zauren jami'ar, ya jera su, ya busa bututun wani kayan kiɗa da ake kira ogan, ya auna da agogo tsawon lokacin da sautin ke ɗauka kafin ya ɓace. Daga nan aka samu ma'aunin da muke amfani da shi har yau, lokacin da sauti ke ɗauka ya faɗi da desibel 60. In kana son ganin na ɗakinka da ido, manhajar Room EQ Wizard kyauta ce.

Sabon_Hannu ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Kwana uku ina gwaji kamar yadda Anti ta ce, abu ɗaya bayan ɗaya, fayil tara na ɗauka.

Matsowa ita ce ta fi ba ni mamaki. Na sa ragar tare iska, na tsaya santimita 15, na rage ƙarfin shiga. Tun kafin in taɓa bargo jelar ta ragu fiye da rabi a kunnena. Sannan na juya tsayuwata: na ba bangon soso baya, na jingine katifa a jikinsa, na rataye bargo ninki biyu a gabanta. Tagar yanzu tana bayan makirufo, na sa mata labule. Na janye tebur gefe, na shimfiɗa kafet. Randar ta tafi. Na ɗora kwamfiresa yadda na saba, ƙarshen kalmomi suna tsayawa inda na tsayar da su. Na riga na sake ɗaukar waƙa biyu daga cikin biyar ɗin, kuma zan haɗa firam huɗun nan, domin katifar ana bukatarta.

Saura abu ɗaya. Akwai wani sauti a ƙasan muryata, in na sauka kansa sai ya yi gum ya fi sauran ƙarfi. Na duba a ikwalaiza, yana wajen Hz 125 zuwa 130. Bargo bai taɓa shi ba ko kaɗan. Malam, wannan fa?

Tsohon_Injiniya ya amsa:

Madalla ƙanena, na ji daɗin wannan labari. Wancan sautin tsakanin tayil da silin yake. Tsayin ɗakinka mita 2.7 ne, na ce maka yana ba da wajen Hz 64, ninkinsa 127, ga shi ka kama shi da kanka. Wannan ninkin ya fi ƙarfi a ƙasa, a silin, da kuma daidai rabin tsayin ɗaki, wato mita 1.35, ya fi rauni a wajen santimita 70 da wajen mita 2 daga ƙasa. In a zaune kake rerawa, bakinka da makirufo suna kusa da inda ya fi ƙarfi. Miƙe tsaye, ka ɗaga makirufo ya kai tsayin goshinka ya sunkuyo yana kallon bakinka, ka sake gwadawa. Kafet ba zai taɓa shi ba, igiyarsa ta kai mita 2.7. In za ka yi firam, yi biyar, na biyar ɗin ka rataye shi a kwance a saman inda kake tsayawa, da gibin santimita 10 ko fiye tsakaninsa da silin, ka ɗaure shi da ƙugiyoyi masu ƙarfi. Abin da ya rage ka rage shi da ikwalaiza, yanka siriri na desibel 2 ko 3 a daidai wurin. Ka turo mana fayil ɗin bayan ka ɗaga makirufon, ina so in ji.